Jakin Zayyadu da Makamashin Gobe

Zayyadu na cikin mutanen farko a Arlit da suka shirya wa makamashin gobe. Shirin nasa jaki ne ɗaya da amalanken ruwa.

Mutumin Tawa ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa babbar motar kamiyo a ramin haƙar uraniyom. Ana gab da rufe ramin, wani injiniya ya gaya masa cewa da zafin uraniyom ana iya dafa ruwa da sinadarai har ya rabu, a sami iskar idirojan mai tafiyar da motoci. Zayyadu ya yi tunani: uraniyom dai ga shi nan, ruwa za a nema.

Da aka rufe ramin, abokan aikinsa suka koma gida. Matarsa Hansai ta ce, "Malam, mu bi su mana."

Ya ce, "In an zo gina masana'antar idirojan, wa za a tarar?"

Ta jira har ta gaji, ta kwashe yara ta tafi. Bai hana ta ba, bai kuma raka ta tasha ba, don ranar akwai layi a famfo.

Yana nan yana sayar wa unguwa ruwa. Ba a taɓa kunna uraniyom a Nijar ba. Wutar Arlit ma da gawayin ƙasa da ake haƙowa a Anu Araren ake yin ta.