Ɗinki Uku Na Jan Zare

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, yau dai na ce bari in faɗa, ko ƙirjina zai ɗan yi sauƙi.

Lokacin da abin ya fara shekarata goma sha tara, na gama sakandare, jami'a ta ƙi samuwa, ina zaune a gidan haya a Na'ibawa ba aikin komai sai wanke-wanke da latsa waya. Baki kuwa Allah ya ba ni, ga ɗaga kai kamar 'yar wani, alhali mahaifina lebura ne a wata majema a Challawa. Kullum da yamma yakan dawo da warin jima a jikinsa da buhun guntayen fatar da kamfani ya zubar. Wani tsohon baduku yake kwaso wa, mutumin wajen Damagaram, da ke haya a shagon ƙofar gidanmu. Tsohon ya yi shekaru yana yankan fata a wani kamfanin takalma a Bompai, da aka rufe kamfanin sai ya koma dukancin hannu da ya gada. Duk layin Baba muke ce masa.

Ni ce mai miƙa masa buhun. Wata rana na tsaya ina kallon jakunkunan da ya rataye, na taɓe baki na ce masa duk tsohon yayi ne, babu budurwar da za ta rataya su. Ina jira ya yi fushi, sai ya kama dariya har da tari. Ya turo min kujerar tsuguno da ƙafa, ya ce to Hajiyar Yayi ta zauna ta nuna masa na zamani, amma sai ta fara koyon riƙe wuƙa tukuna. Daga wannan wasa na yi shekara biyu da rabi a shagon nan. Ya koya min in rufe ido in bambanta fatar akuya da ta tunkiya da yatsa kawai. Ya koya min rage kaurin bakin fata, da huda, da jan zare yadda ba zai tattare ba. In na yi ɗinki ya karkace, ba ya faɗa, sai dai ya miƙo min reza in farke da hannuna, ni kuma in yi ta ƙunƙuni yana ƙara wa rediyonsa murya. Wallahi har yau in na ji warin gam da shayi a tare, shagon nan nake gani.

Akwai abin da yake yi wa kowace jaka in ya gama. Can ciki, ƙarƙashin shafi, a kusurwar hagu, yakan yi ɗinki uku ƙanana da jan zare. Na tambaye shi amfanin kwalliyar da ba mai gani. Ya ce ba kwalliya ba ce, haka malaminsa ke yi, haka malamin malaminsa, don duk wanda ya fito daga hannunsu in ya ga kaya ko a wace ƙasa ya san na gida ne. Ya ce shi kansa da ya zo Kano baƙo, a jakar wani fasinja ya ga ɗinkin nan, ya bi diddigi har ya gano wani abokin koyonsa da suka rabu tun ƙuruciya. Sai da na shekara guda cur kafin ya yarda na taɓa jan zaren. Ranar da ya miƙo min shi ya shafa fatiha, ya aika aka sayo fura, ya ce daga yau ni tasu ce.

Allah da ikonsa, na fara ɗaukar hoton jakunkunana ina sawa a waya, da irin launin da 'yan mata ke so. Kafin ka ce me, ana kira daga Abuja da Legas. Ina da shekara ashirin da huɗu na kama wuri a Sharada, na zuba kekunan ɗinki, na ɗauki ma'aikata, na tayar da iyayena daga gidan haya. Aka fara kirana taro ina yi wa matasa jawabi. Kai ya kumbura, ba zan ɓoye ba. Wata rana mai kula da aiki ta ce min ɗinkin nan uku da ake yi da hannu yana cin lokaci, kuma ga tambarin ƙarfe mai sunan kamfani muna liƙawa. Ko ɗago kai ban yi ba na ce a daina.

Sai aka gayyace ni wani shirin rediyo na matasa masu sana'a. Mai gabatarwa ya tambayi wanda ya koya min. Ni da bakin nan nawa na ce babu kowa, a waya na koya wa kaina, sai zuciyar nema. Ba don komai ba sai don na ga haka labarin zai fi daɗin ji. Daga baya wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta gaya wa Mama cewa ranar Baba sabon batir ya saya, ya tara mai shayi da telolin layin su zo su ji 'yarsa. Da aka zo wurin da na faɗi haka, sai ya kashe rediyon ya ce musu tashar ce ke shashshaka, bai ji wannan ɓangaren da kyau ba. Mama ta yi min faɗa kamar ta ari baki, ta ce in je in durƙusa. Na ce zan je. Kunya ta hana ni, na laƙaba wa aiki laifin.

Shi ya zo. Wata safiya maigadi ya ce wani tsoho ya sauka daga adaidaita sahu yana nemana. Na fito na same shi cikin farar rigarsa ta Juma'a. Ina da baƙi a ofis, don haka a tsaye na gaishe shi, ni da a da sai na kai gwiwa ƙasa. Na zagaya da shi cikin sauri, yana ta masha Allah. Ya ɗauki wata jaka ya shafa, ya yaba ɗinkin, sannan ya zura hannu ya jawo shafin, ya karkata kusurwar hagu wajen hasken taga. Ya daɗe yana dubawa, don idonsa ya yi rauni. Ya ajiye ya ɗauki ta biyu, ya sake dubawa. Bai ɗauki ta uku ba. Ya ce Allah ya ƙara buɗi Hajiya, babu Yayin nan da yake tsokanata da shi. Na ce direba ya kai shi, ya ce ƙafarsa na son motsi.

Sai da baƙina suka tafi maigadi ya miƙo min wata baƙar leda da ya bari. Basillarsa ta huda fata ce a ciki, wadda hannu ya cinye mariƙinta, da ƙullin jan zare. Ashe sallama ya zo yi min. Na ce gobe zan je, goben ta zo da tafiya baje koli Legas. Da na dawo na tarar ana cajin waya a shagon. Mai shayi ya ce ido ya hana shi aiki, ya koma gida. Na tambayi sunan garin, ya ce shi dai wajen Damagaram ya sani. Mahaifina ma haka. Ni kuwa shekara biyu da rabi ina gabansa ina zuba surutu, ban taɓa tambayarsa ba. Sau biyu muna zuwa Damagaram da yayana muna bin rumfunan dukawa, kowa ya ce tsofaffin da suka dawo daga Kano suna da yawa. Har yau ban san ko yana raye ba.

Ina kewarsa, kewar da ba ta bari in ji daɗin yabon kowa. Da za a ba ni zaɓi, da na ajiye lambobin yabon da aka ba ni in zauna yini ɗaya a kujerar tsugunon nan yana miƙo min reza. 'Yan'uwana matasa da Allah ya ɗaga da wuri, in an miƙo muku makirufo, ku fara da sunan wanda ya kama hannunku, ko tsummansa ya kai yaya. In kuma kun riga kun yi irin nawa, ku je yau, ni goben ce ta cuce ni.

Yanzu babu jakar da ke fita daga wurina sai na yi mata ɗinkin nan uku da hannuna, da basillarsa. Kaya kan makara, ban damu ba. Fatana wata rana ɗaya daga cikinsu ta faɗa hannun wanda ya san alamar, ya biyo diddigi kamar yadda Baba ya taɓa yi. In akwai mai karatu da ya san wani tsohon baduku mai raunin ido da ya yi zaman Na'ibawa, don girman Allah a gaya masa tashar ba ta shashshaka ba. Daidai ya ji, ƙarya na yi, shi ya koya min.