Kujerar Boeta Gasant

Filin wasan kurket na Wandoo Park, a gefen birnin Perth na Ostareliya, rumfa ɗaya gare shi, mai rufin kwano da doguwar baranda. Tana gefen yamma. A watan Janairu, tsakiyar lokacin zafinmu, daga azahar har iskar teku ta taso da la'asar, nan ne kaɗai mutum zai zauna bai dahu ba. Sauran filin ko bishiya babu.

Ni ne sakataren ƙungiyar, ni ne kuma mai rubuta maki ranar Asabar. Sauran ranakun ina ofishin ƙaramar hukuma, sashen izinin gini. Kwamiti ya ce in rubuta wani abu a kan Boeta Gasant Jardien, tunda ya kusa shekara arba'in tare da mu. Abin da na gani zan faɗa yadda na gan shi. Abin da ya faru kafin a haife ni kuwa, daga bakinsa na ji.

Mai shafe bango ne. Daga Cape Town ta Afirka ta Kudu ya zo da matarsa da 'yarsu Shafieka tana goye, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa a can. Makonsa na farko a unguwar ya shigo filinmu ya tambayi ko akwai aikin da za a ba shi. Aka ba shi allon maki, wanda ke can ƙarshen fili, daidai bayan mai jifan ƙwallo. Ya kawo kujerar zane mai naɗewa ya kafa a gindin allon, ya sa wata farar hula da ta sha wanki. Duk makin da aka ci, in ɗaga masa hannu daga baranda, ya tashi ya sauya lambar. Haka muka yi ta yi har gashina ya yi fari.

Shi ya shafe bangon rumfar nan da hannunsa, kyauta. Amma ranar wasa bai taɓa taka barandarta ba. Idan an tafi hutun shan shayi, sai a kai masa nasa can. Duk ranar da ya kawo mana fanken kwakwa irin na gidansu, a bakin matakala yake ajiye tiren ya juya. Da farko mun ɗauka kunya ce. Daga baya muka ɗauka hali ne kawai, muka daina tambaya.

Sai da na yi shekaru da saninsa ya gaya mini dalili, wata rana muna ja wa fili layi da farin fenti.

Yana ɗan shekara tara mahaifinsa, wanda tela ne, ya kai shi babban filin garinsu don ya ga Ostareliya ta zo wasa. Su masu duhun fata an ware musu lungu ɗaya, da shingen waya, a cikin rana. Rumfuna na fararen fata ne. Mutanen lungun nan kuwa duk baƙon da ya zo shi suke mara wa baya, ko daga ina yake, don haushi. A ranar, wani ɗan wasan gida ya ci maki ɗari, fili ya miƙe ana tafi. Mahaifin Gasant ya tashi ya juya wa filin baya. Na kusa da shi suka bi, har lungun gaba ɗaya ya zama ƙeya. Wani ɗan sanda ya shigo ya tambayi wa ya fara. Bai jira amsa ba, ya sauke kulki a kunnen telan.

"Kunnen bai sake ji ba," in ji Boeta. "A jirgin ƙasa muna komawa gida, yana riƙe da hankici a wurin, ya ce da ni, 'Ka ga rumfar nan? Ni da kai ba za mu zauna a inuwarsu ba, ko da sun kira mu.' Na ce to, Baba. Shi ke nan fa, Sakatare. Riƙe igiyar da kyau, layin yana karkacewa."

Tun daga wannan ranar, Ostareliya yake so, tun bai san inda take ba.

Abokin faɗansa Dawie Vermaak ne, farar fata, mai gyaran lantarki, wanda ya baro wancan garin bayan mulkin wariya ya faɗi. Ranar da suka fara haɗuwa Dawie ya ji harshen Boeta, ya yi murna ya ce ai shi ma mahaifinsa ya sha kai shi babban filin yana yaro.

"A ina kuke zama?" in ji Boeta.

Dawie ya ce, "Ka san inda muke zama."

Na ɗauka ba za su sake magana ba. Ashe mafarin ke nan. Dawie ɗan ga-ni-kashe-nin Afirka ta Kudu ne, yana da murya kamar ta mai tallan kifi, kuma wurinsa a baranda bai taɓa sauyawa ba, don likita ya hana shi rana. An sha yanke masa tabon ciwon fata a hanci da goshi, kunnensa na dama ma an rage shi. Daga baranda yake kwarara ihu har ƙarshen fili.

"Ƙadangare! An juya ka kuwa? Gefe ɗaya ya gasu!"

Boeta ya mayar masa, "Ɗan inuwa, yi mana shiru ana wasa! Na ga mutanenka jiya a talabijin, suna riƙe sandar bugu kamar masu shara."

"Rabin 'yan wasan Afirka ta Kudu fa launinka ne yanzu. Ba ka jin kunya?"

"Ina yi musu addu'a kowa ya ci ɗari, ƙungiyar kuma ta sha kashi."

Boeta ya gaya mini cewa ya taɓa gwada tafa musu, shi kaɗai a ɗaki, shekarar da aka dawo da su wasan duniya bayan an daɗe da hana su saboda wariya. Ya ce hannun ya ƙi haɗuwa.

Wata Asabar, shekara uku da suka wuce, na ɗaga hannu lambar ba ta sauya ba. Na sake ɗagawa. Sai mai tsaron bayan sandunan nan uku da ake jifa ya jefar da safar hannunsa ya ruga. Mun same shi a ƙasa, hular a gefe, leɓɓansa sun bushe. Ba mu san tun yaushe yake kwance ba, don kowa ƙwallo yake kallo. Ya yi mako a asibiti. Likita ya ce zuciya ce, kuma maganin da zai riƙa sha ba ya shiri da zafi.

Kwamiti ya sayi babbar lema aka kafa a gindin allo. Ya naɗe ta ya dawo mana da ita, ya ce na gode, a ba yara. Shafieka ma ta ce lemar ba ta ishe ta ba. So take ya zauna inda akwai fanka da ruwa, da mutanen da za su gani in ya faɗi. A gabana suka yi maganar, a ɗakin girkinsu.

"Baba, waccan rumfar Kaka yake nufi. Ta Cape Town. Wannan kai ka shafe ta da hannunka."

"Rumfa rumfa ce."

"Nan wa ya hana ka shiga?"

"Ba wanda ya hana. Shi ya sa ya ce ko sun kira mu."

Ta dafe kai. Ma'aikaciyar jinya ce, daga aiki ta dawo, ko takalmi ba ta cire ba. "To ka ji ni. Na binne Mama, ba zan ɗauko ka daga ciyawa ba. Asabar zan kai ka. In an tafi hutun shan ruwa na farko ba ka cikin rumfa, zan mayar da kai gida, kuma ba za ka sake ganin filin nan ba sai ta tagar mota. Makullin motarka yana wurina."

Boeta ya juyo wurina. Ya tambaye ni su wa za mu kara da su.

Asabar ɗin ta zo da irin zafin da ke sa kwalta laushi. Shafieka ta sauke shi a bakin ƙofa. Ya ɗauki kujerarsa, ya bi gefen fili a hankali, ya wuce matakalar rumfa ko kallonta bai yi ba, ya je gindin allo ya kafa. Shafieka ba ta fito daga mota ba. Ta kashe inji ta zauna tana kallon sitiyari.

Da aka kusa hutun shan ruwa na miƙa wa wani littafin maki, na ɗauki gorar ruwa na tafi wurinsa. Ina isa sai na ji numfashi a bayana. Dawie ne, yana jan kujerar roba. Ya dasa ta kusa da ta Boeta, ya zauna, ya cire hularsa mai faɗi ya ɗora a gwiwa. Sanƙonsa fari fat, da tabo nan da can.

"Me ka zo yi?" in ji Boeta.

"Kallon kurket."

"Koma gidanku."

"An ce nan ake ganin ƙwallo da kyau."

"Sa hularka."

"Ta matse ni."

"Dawie, kunne ɗaya da rabi ya rage maka. Sa hula."

"In ka tashi na tashi."

Boeta ya juyo ya dube shi sosai. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. "Ku dai ba ku iya ganin abu a hannun mutum. Kun ɗauki inuwa, mun bar muku. Yanzu ranar ma kun zo ku karɓe."

"Ba gafara na zo nema ba, Gasant. Yaro nake lokacin, inda aka ce in zauna na zauna. Amma in yarinyar nan ta kulle ka a gida, da wa zan yi faɗa? Da Sakatare? Ko zagi bai iya ba."

Alƙalin wasa ya ba da hutu, 'yan wasa suka nufi ruwa. Na ji an buɗe ƙofar mota. Shafieka ta fito ta tsaya, ta rungume hannu. Sanƙon Dawie ya riga ya fara ja, gumi yana bin tabon hancinsa, amma ya kafe idonsa a kan fili kamar ana wani abu a can.

Boeta ya dubi motar. Ya dubi kan Dawie, ya daɗe yana dubawa. Sai ya yi magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba. Abin da na ji shi ne, "Ba don kaina ba ne, Baba." Ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Sakatare, ɗauko kujerar wawan nan. Kai kuma rufe wannan ƙwaryar kafin ta fashe."

Tasa kujerar shi ya ɗauka da kansa. Muka bi gefen fili mu uku. Da muka kusa, na ga mutanen baranda sun fara miƙewa za su tafa, na girgiza musu kai, suka koma suka zauna. Ya tsaya a bakin matakala ɗan lokaci, sannan ya hau. Bai karɓi kujerar da aka miƙo masa ba. Ya kafa tasa a can ƙarshe, inda rufin ya tsaya. Shafieka ta koma cikin mota ta kifa kai a sitiyari.

Aka ci gaba da wasa. Boeta ya kalli jifa biyu ko uku.

"Shi ke nan?" in ji shi.

"Shi ke nan me?" in ji Dawie.

"Daga nan ai ba a ganin ko ƙwallo ta karkata. Gefenta kawai kuke kallo. Tun ina yaro nake tsammanin akwai abin da kuke gani."

"Mu hira muke yi," in ji Dawie. "Da cin biskit."

Boeta bai yi dariya ba.

Har yanzu yana zuwa. Shafieka tana sauke shi ta wuce aiki, tana ɗauko shi da yamma. Bai sake faɗuwa ba. Allon maki mun sa mai lantarki, Dawie ne ya haɗa wayoyin, daga teburina nake latsa shi. Wurin da ƙafafun kujerarsa suka cinye ciyawa ya toho, injin yanka yana bi ta kai.

Amma ya daina ihu. Da, kafin alƙali ya ɗaga yatsa, Boeta ya riga ya sanar wa fili cewa an fitar da mai bugu. Yanzu yawanci gyangyaɗi yake yi, hular a fuska. Dawie ya taɓa tare ni a wurin ajiye motoci ya ce, "Sakatare, na yi daidai kuwa?" Na ce masa mutumin yana da rai. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Asabar da ta wuce aka fitar da wani, baranda ta ɗauki sowa. Boeta ya ɗaga hula ya ce, "Me ya faru?"

Ƙwallo ce ta karkato ta tumɓuke sandar tsakiya, kowa ya gani. Dawie ya ce masa cafke ta aka yi a bakin fili, ya ƙara da cewa irin cafkewar da 'yan Afirka ta Kudu kaɗai suka iya. Ya zuba masa ido yana jira.

Boeta ya dubi fili, ya ga alƙali yana mayar da sandar cikin raminta.

"Ƙarya kake yi, ɗan inuwa," in ji shi. Ya mayar da hular fuskarsa.