Filasta a Ƙirjin Ɗan Ƙwallo

Ga shi can a tashar mota, zaune kan jakarsa, ɗan ƙwallo siriri mai ɗaurarriyar gwiwa. 'Yan ƙungiyarsu duk riga iri ɗaya, da sunan kamfanin caca ɓaro-ɓaro a ƙirji, cacar da ta cinye mini ɗa har ya daina kwana a gida. Shi kaɗai ya liƙe sunan da filasta.

Munafunci ke nan! Kana cin albashinsu, kana ɓoye sunansu? Ko uwarsa ce ta hana shi? Oho.

Sai ga manajan ƙungiyar da mai hoto. Manajan ya daka masa tsawa: "Kai Ustaz, cire mana wannan tsiyar. Ko zaman benci kake marmari?"

Ya ɓare filastar a hankali kamar daga kan gyambo, ya miƙe, ya yi murmushin da aka ce ya yi.

An gama hoto, yana ta danna filastar a ƙirji da babban yatsa, ta ƙi kamawa. Ni da na taso in wanke shi tas, sai ga ni ina lalube a jakata ko zan samo masa fil.