Katangar Bawa Mai Inji

Bawa ya fara magana da Saude a daminar 2021, shekarar da suka baro Gatawa suka sauka Sabon Birni. Shi ya koma bayan mako biyu ya ɗauko injinsa na niƙa a amalanke. Ita da tabarma da tukunya ɗaya ta iso, ba mijinta Talha, wanda 'yan bindiga suka harbe. Mai unguwa ya ba Bawa rumfa, ya ba Saude ɗaki. Taku goma sha ɗaya ne tsakaninsu.

A Gatawa injin yana bayan gari ne, gindin tsamiya, ƙararsa kuma albishir ce cewa gero ya shigo gida. A nan kuwa, da ya kama tat-tat-tat kamar harbin bindiga, sai Saude ta saki abin da ke hannunta, ta zauna a lungu ta zuba wa ƙasa ido har a kashe injin. Daga baya ta fara ɗaure kayanta. Gatawa za ta koma, inda har lokacin ba a daina kai hari ba.

Shekara ashirin da shida a bakin inji sun cinye wa Bawa kunne, sai da maƙwabta suka faɗa masa halin da Saude take ciki da ƙarfi. Ya sayo kwanon rufi ya kewaye rumfar, ya je ya yi sallama.

"Ɗiyata, ƙarar ta rage?"

"Baba Bawa, ganga ka ƙara mashi."

"Mi kic ce?"

"Nac ce gida za ni."

Ya roƙe ta ta ba shi kwana arba'in. Ya ɓalle kwanon, ya kwaɓa laka ya yi tubali, ya ta da katanga biyu, kamu ɗaya tsakaninsu, ya cika tsakiyar da ƙaiƙayi da yashi. Ya ɗora injin a kan tsofaffin tayu, ya zura bututun hayaƙin cikin duro da ya binne. Masu kawo niƙa suka koma wani wuri. Da yake ba ya iya auna ƙara da kunnensa, sai ya riƙa ajiye ƙwarya cike da ruwa a ƙofar ɗakinta, ya ta da inji, ya dawo ya tsuguna. In ruwan ya yi rawa, ya ƙara tubali.

Ran kwana talatin da takwas ruwan ya tsaya cik, alhali injin yana aiki. Saude tana tsintar wake, ta ɗago kai.

"Yau ma ba ka niƙa?"

"Mi?"

"Ba komi."

Ta ci gaba da tsinta. Kayanta suka ƙara mako guda a ɗaure, sannan ta kwance.

Bawa bai taɓa gaya mata ba cewa ranar da 'yan bindiga suka shigo Gatawa, Talha ne ya sauka daga bayan babur ya ɗora shi, ya ce shi zai biyo a ƙafa.