Lambar da Falalu Bai Rubuta Ba

A Roni, idan aka ce Falalu Mai Bidiyo, kowa ya san dogon mutumin nan da ƙaramin littafi a aljihun gaban riga. A gidan manoma gyaɗa aka haife shi, na huɗu cikin bakwai, kuma tun yana ƙarami yake da jarabar ƙirga. Ya san taku nawa ne daga ƙofar gidansu zuwa gona, ya san buhu nawa aka ɗauka kowace kaka. Ya yi acaɓa shekara uku tsakanin Roni da Kazaure, ya koyi ɗaukar hoto shekara biyu, sannan ya tsaya da ƙafarsa. Biki, suna, saukar karatu, tarbar alhazai: zuwa shekarar da ya cika talatin da huɗu, littafinsa ya nuna taro ɗari biyu da goma sha bakwai.

Shagon nasa a jikin gidan surukarsa yake, Hajiya Kaltume. Ita ta ba shi ɗakin, ta kuma sa aka ja masa wuta daga solarta. Solar nan kuwa ita ke riƙe da firizarta biyu, ɗaya ta ƙanƙara da zoɓo, ɗaya ta kindirmon da matan Gwiwa ke kawo mata. Matarsa Rukayya, uwar 'yarsu Nafisat, a can take yini, tana taya uwar ɗaure zoɓo. Shekara bakwai da aure, Falalu bai taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gaban Hajiya ba, maganarsu kuma ba ta wuce gaisuwa.

Tsohuwar kwamfutarsa ce ta ishe shi. Bidiyon minti ashirin sai ta yi awa huɗu tana fitar da shi, tana huci. Sai ya ƙudura haɗa sabuwar kwamfuta ta tebur da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya. Wata biyu yana zaɓe yana rubutawa. Furosesa mai ƙwaƙwalwa takwas. Ram giga talatin da biyu, don sha shida ba sa ɗaukar aikin kyamara biyu. Faifan ajiya guda biyu, ƙarami mai sauri na aiki, babba na adana tarukan mutane. Fanka biyar saboda zafin bazara. Ko sukurorin akwatin sai da ya ƙirga.

Saura katin hoto, wanda ke zana abin da ido ke gani a allo. A Kano, Mamuda mai sayar da kayan kwamfuta ya ajiye masa guda biyu a tebur.

"Malam, ƙaramin nan ya ishe ka aikin bidiyo. Babban na 'yan gem ne. Idan ya ɗau zafi, shi kaɗai wat ɗari uku da hamsin na wuta yake sha."

Falalu ya ji sarai. Amma tun zamanin acaɓa yake leƙa gidan gem a Kazaure, yana kallon masu buga ƙwallo a allo, ransa na biyawa. Ya dubi babban katin, mai fanka uku. A hankali ya rufe littafinsa, ya mayar da biro aljihu, ya ce a sa masa babban. A gida ya gaya wa Rukayya cewa aiki ne ya buƙaci haka.

Na'urar ta yi kyau, ba ƙarya. Aikin awa huɗu ya koma minti ashirin da biyu. Da hantsi ya gama komai, daga azahar zuwa la'asar kuma ya tura ƙofa ya kama ƙwallo. Lokacin nan ne kuwa ya kamata rana ta cika batir. Sai aka fara wayar gari firiza a mace, ƙanƙara ta koma ruwa. Falalu ya soma leƙa allon inbata, mai nuna cikar batirin solar, yana rubutawa. Ranar da ya yi aiki kawai, batir ya cika fal. Ranar da ya buga, kashi sittin. Sau tara aka yi haka, duka taran kuwa ya buga. Ya yi wa kansa alkawarin dainawa sau uku, ya karya sau uku.

Ranar da ƙwarya goma sha ɗaya ta kindirmo ta tsinke ta yi tsami, Hajiya ta aika a kira Sama'ilu, wanda ya haɗa mata solar. Ta bango Falalu yake jin komai. A gaban matan Gwiwa ta ce masa batiran jabu ya sa mata, ya zo ya kwashe kayansa, kuma yau za ta buga wa ƙanwarta ta Babura waya ta fasa aikin da ta ba shi. Sama'ilu sai rantsuwa yake yi, yana cewa sunansa ne jarinsa.

Taku goma sha huɗu ne daga shago zuwa tsakar gida. Falalu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa nesa da tabarma, kansa a ƙasa, ya ce batir ba shi da laifi, na'urarsa ce ke shanye wutar.

Hajiya ba ta dube shi ba. Sai ta dubi Rukayya.

"Tambayi mijinki, aikin mutane ne ya yi masa yawa haka?"

Ga hanya an buɗe masa. Da ya ce e, da shi ke nan, har addu'a za a yi masa.

"Ba aiki ba ne, Hajiya. Wasa ne. Ƙwallo nake bugawa."

Can sai Shatu, babbar matan Gwiwa, ta tambaya da gaske ko a ɗan shagon nan har fili ya samu. Matan suka rufe baki da gefen mayafi, kafaɗu na rawa. Rukayya ta sunkuyar da kai kan robar zoɓo.

Hajiya ta ba Sama'ilu haƙuri har sau biyu, ta ce aikin Babura yana nan. Sannan ta sake juyawa wajen 'yarta.

"Ce wa Baban Nafisat ya tashi, ƙafarsa za ta sage. Ki kuma tambayar mini shi, da kindirmona ya tsinke, ya dai ci ƙwallon ko?"

Washegari ya hau motar Kano ta farko, ya musanya katin da ƙaramin. Yanzu bidiyon minti ashirin yana fita a minti ashirin da shida, firiza kuma ba ta sake mutuwa ba. Wat ɗari uku da hamsin ɗin nan ya rubuta su a bangon littafinsa na ciki, inda zai gan su duk buɗewa.

Falalu yana nan a Roni, taronsa ya haura ɗari uku. Matan Gwiwa dai Kyaftin suke ce masa har yau, shi ya sa ranar kawo kindirmo yakan zagaya ta bayan gida, taku sittin da ɗaya.