Majanyin Ummi a tekun Doha

Shekarun baya, ba mu daɗe da tarewa a Doha ba, akwai wata damuwa da nake kwana da ita nake tashi da ita. 'Yata ba ta son ruwa. Ba ƙin wanka irin na yara nake nufi ba. Idan na ɗebo ruwa zan zuba mata a ka, jikinta ɓari yake ɗauka, ta ƙanƙame ni har farcenta ya shiga fatata. Ummi muke ce mata, don sunan mahaifiyar maigidana ta ci, lokacin kuma shekararta shida.

A makarantar da aka sa ta ana koya wa yara iyo. Duk ranar da za a yi, tun da asuba ciwon ciki yake tasar mata. Rannan malamarsu ta kira maigidana, tunda ni Turancina bai wuce na cefane ba. Da ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Maman Ummi, kin san abin da 'yarki ta faɗa wa malama? Wai mamanta ta ce ruwa yana cin yara."

Na ce, "To ƙarya na yi?"

Ya ce malamar ta ce Ummi a benci take zama tana kuka, sauran yaran kuma har sun fara tsokanarta.

Ni fa da dalilina. A garinmu akwai wani kududdufi a bayan gari, inda ake haƙar ƙasar gini. Da damina yake cika. Ina yarinya ya tafi da ɗan maƙwabtanmu, na ga lokacin da aka fito da shi a nannaɗe da tabarma. Tun daga ranar, ko rijiya muka leƙa sai mahaifiyata ta ce, "Ku matsa, ruwa yana cin yara." Abin da aka ba ni shi na ba 'yata. Sai ga shi Allah ya kawo mu ƙasar da duk inda ka miƙe teku za ka tarar.

A gidan da muke haya a unguwar Bin Mahmud, kicin ɗaya muke da wata baiwar Allah 'yar Zangon Ghana, tana aikin goge-goge a filin jirgi. Ta girme ni, Yaya nake ce mata. A bakin teku ta tashi, ruwa a wurinta kamar tsakar gida ne. Na ba ta labari muna yanka albasa. Ta ce, "Ei, ƙanwata! Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Ki shiga ta gani."

Na ce, "In shiga ina?"

Ta ce, "Ruwa mana. Ko wuta na ce?"

Na yi dariya, na ɗauka maganar ta wuce. Ashe kamfanin da maigidana yake wa tuƙi a Sanaiya, unguwar masana'antu, sun shirya wa ma'aikata da iyalansu fita teku wata Asabar, bayan zafi ya sauka. Yaya ta ji, ta nemi hutu, ta ce ƙafarta ƙafarmu. Har kayan iyo na mata ta aro mini, riga da dogon wando da hula, babu inda ya fito sai fuska da tafin hannu.

Jirgin na katako ne, babba. Muna tafiya ina kallon dogayen benayen nan suna ƙanƙancewa a bayanmu, ruwan kuma yana sake kala, daga kore ya koma wani shuɗi mai duhu. Ni da Ummi muka zauna a tsakiyar jirgin, nesa da kowane gefe, kamar kayan da aka ba da ajiya. Bakina bai huta ba. Haka nake, in tsoro ya kama ni a fili nake addu'a, ko a mota ko a asibiti, har maigidana yakan ce da ni da rediyo babu bambanci.

Aka tsaya kusa da wani tsibiri na yashi. Suka sauke wani faffaɗan katako a gefen jirgin, dab da ruwa, da ɗan tsani a jikinsa. Wata mata 'yar Filifin, ita ce mai kula da masu shiga, ta raba mana kaya: rigar da ke hana mutum nutsewa, da tabarau mai rufe ido da hanci, da wani lanƙwasasshen bututu. Za ka ciji bakinsa, ɗaya bakin yana sama da kanka, ta nan za ka yi numfashi fuskarka tana cikin ruwa. Ta nuna mana da hannu, ta ce, "Yalla!", wato mu je.

Ta maƙala mini rigar, na ji wasu 'yan robobi sun yi ƙas, ƙas. Na ce wa Yaya, "Wannan ɗan robar ne zai riƙe raina?"

"Ya riƙe waɗanda suka fi ki ƙiba."

Ni dai ban yarda ba. Na buɗe jakata na zaro majanyin Ummi. Saƙi ne mai kauri, mahaifiyata ta sa aka saƙa mini da na haihu. Da shi na goya ta har ta yi wayo, kuma har lokacin yana jakata, ina lulluɓa mata in sanyin na'ura ya yi yawa a mota. Na zura bakinsa ɗaya a maɗaurin rigar ta baya, na sa Yaya ta yi masa irin ƙullin da muke wa goyo. Abokan aikin maigidana suka fashe da dariya. Wani ɗan Kano ya ce, "Hajiya, tekun za ki goya?"

Maigidana ya yi wa matar bayani. Ta ja ƙullin ta gani, ta yi murmushi, ta ce babu laifi in dai zan tsaya kusa da tsani, ita ma tana gefena.

Na miƙa wa maigidana ɗaya bakin majanyin, na ce, "Baban Ummi, don Allah kar ka saki."

Sai na ji wata 'yar murya a bayansa. "Nawa ne."

Ummi ce. Ta taso daga tsakiyar jirgin, abin da ba ta yi ba tun da muka taso.

"Majanyina ne, Baba. Ni zan riƙe."

Aka sa mata 'yar rigarta, babanta ya zauna a kan katakon ya ɗora ta a cinya, ya zagaye cikinta da hannu. Ta naɗe majanyin a hannunta, idonta a kaina.

Na sauka ta tsanin. Ruwan da ɗumi, ban zata ba. Da ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa, sai na ƙanƙame tsanin. Yaya tana gefena a cikin ruwan tana cewa, "Kwanta, kwanta kamar a katifa." Na ciji bututun, na sa fuskata a ruwa.

Nan na yi wautar. Bakin nan nawa da ya saba, da kansa ya buɗe zai ja Ayatul Kursiyyu. Ai kuwa ruwa ya samu ƙofa. Gishiri, jama'a, kamar an narka buhu guda an ɗura mini. Na ƙware, na taso ina tari ina dukan ruwa, na kai hannu baya na finciko majanyin da duk ƙarfina. Sai na ji ihun Ummi. Fincikar da na yi ta jawo ta gaba, ba don hannun babanta ba da ta faɗo.

Na kama tsani, na ɗago na dube ta. Tana kuka, amma ba ta saki ba. Hannu biyu ma ta sa. Tana cewa, "Baba, ja ta! Zai cinye ta!"

Wallahi ƙafata ɗaya tana kan tsani, fita zan yi. Amma na san in na fita a haka, magana ta ƙare. Ta gani da idonta, babu malamar da za ta sake gaya mata wani abu ta yarda.

Yaya ta matso kusa da kunnena. "Me kika buɗe baki za ki ce?"

Na ce, "Addu'a."

"Ei, Allah! Shi ba ya jin ta zuci ne? Bakin na bututu ne yanzu. Ki yi a ciki."

Na share majina, na ce wa Ummi, "Ba ruwan ba ne, ni ce na yi surutu. Riƙe ni da kyau."

Na sake cizon bututun, na rufe leɓɓana gam, na kwanta. Na fara karantawa a zuciya. Sai duniya ta yi tsit. Babu dariyar maza, babu ƙarar inji, sai numfashina kawai nake ji yana shiga yana fita. Na buɗe ido. Ashe ƙasan ba baƙin rami ba ne kamar kududdufinmu. Yashi ne fari, da ciyawa tana kaɗawa a hankali, hasken rana yana yawo a kai. Wasu ƙananan kifaye masu ratsin baƙi da rawaya suka zo wucewa ta ƙarƙashina a jere, ko kallo ban ishe su ba. Ɗaya ya tsaya saitin tabarauna yana motsa baki, kamar shi ma addu'ar yake. A bayana kuma ina jin majanyin yana ɗan jana, kaɗan-kaɗan. Yarinyar da na goya da shi ce take riƙe da ni.

Da na ɗago, ta daina kuka. Ta ce, "Mama, me kika gani?"

Na cire bututun na ce, "Kifi mai irin zanen atamfata ta Sallah."

"Kai, Mama!"

"To zo ki duba."

Ba ta shigo ba, kar in yi muku ƙari. Amma ta yarda aka sa mata ƙaramin tabarau, ta kwanta rub da ciki a kan katakon, babanta ya riƙe ƙugunta. Ta tsoma fuska kamar ƙiftawar ido, ta ɗago tana haki. "Mama, yana kallona!" Ta sake tsomawa. Yarinyar da ba a zuba wa ruwa a ka.

Da na kira mahaifiyata na ba ta labari, salati ta yi ta yi. "Teku? Da majanyin da na ba ki?" Sai da ta gama faɗa, sannan ta ce, "To kifin, da gaske ratsi gare shi?"

Satin da ya biyo baya Ummi ta tafi darasin iyo, ba ciwon ciki, amma da majanyin a jakarta. Ta daɗe tana zuwa da shi kafin wata rana ta manta shi a gida. Yanzu tana iyo har da na baya. Ni kuwa har yau ban iya ba, kuma in muka je bakin teku bakina yana nan yana aikinsa, idona ba ya barin kanta.

Roƙona gare ku iyaye mata 'yan'uwana, musamman mu da muka taso da tsoron kududdufi: ku sa ido a kan yaranku a bakin ruwa, amma kar ku ce musu yana cin yara. Ku kai su inda za a koya musu iyo. In kuma sun tsaya suna kallon fuskarku, ku daure ku fara sa ƙafa.