Ƙasar Jinga

Iya, kakarmu ta wajen uba, ba irin tsofaffin nan ba ce masu lallashin jikoki. Baki gare ta kamar barkono, kuma ko tatsuniya za ta yi, to akwai wanda take nufi da ita. Mun san haka sarai, amma da an idar da Magariba sai mu hau rige-rigen samun wuri a gindin murhunta, don sauro ba ya matsawa kusa da hayaƙi, ga shi takan tura mana masara cikin garwashi. Wanda ya yi garajen miƙa hannu kuwa ya sha muciya a yatsu.

Ƙauyenmu yana ƙasar Kiru, a bakin rafi. Tsakaninmu da rafin akwai jinga, wani dogon tudun jar ƙasa da magabata suka tara don tare ruwa, gamba da itatuwa suka riƙe shi da saiwoyinsu. Shekarar da nake aji uku ruwa ya yi ƙarfi har ya tsallake ta, ya kwantar da gidaje, ciki har da sashen Baffa Sule, ƙanen babanmu. Da ruwan ya janye kowa ya shiga neman ƙasar gini. Ramin da ake ɗiba da nisa, sai da jaki. Baffa ya duba, ga ƙasa mai danƙo a bayan gida, kawai ya kafa diga a jikin jinga ya hau yin tubali.

Ranar da labarin ya iso kunnen Iya, Baffa yana zaune kan tabarma a ƙofar madafinta yana cin tuwo, tunda nasa madafin ya rushe. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta gyara itace a murhu, ta ɗaga murya fiye da kullum.

"Ga wata nan tafe. Mai kunne ya matso, mai taurin kai ma ya ji daga inda yake."

Ta ce wai an yi ruwan da ya cinye gidajen namun daji kaf. Gafiya da bushiya maƙwabta ne, gafiya a kan tudu, bushiya a gangare da 'ya'yanta bakwai. Bushiya kullum sai ta yi tattaki ta ɗebo ƙasa a ɗan bakinta, gininta yana tafiya a hankali. Gafiya kuwa ta ce ita ba ta da lokacin wahala, ta shiga ƙwaƙular tudun da ya tare musu rafi. Kwana uku ta gama ɗaki, ta yi daɓe, ta kira masu kiɗa. Da damina ta zagayo, ruwa ya zo yana lalube, ya sami ramin gafiya, ya kutsa ta nan. Ya gangara ya kwashe ɗakin bushiya da 'ya'yan nan bakwai.

Iya ta tsaya a nan, ta koma juya masara. Muka jira, muka jira. Na kasa haƙuri.

"Iya, gafiyar fa? Me aka yi mata?"

"Me za a yi mata? Tana ɗakinta tana cin gyaɗa. Wa ya ce muku ruwa alƙali ne? Gangare kawai ya sani. Ta ƙare, ku tashi ku ba ni wuri."

Baffa ya ture kwanon tuwo. "Iya, in da ni kike, ki faɗa mini kai tsaye."

"Au, kai gafiya ne? Ni da jikokina nake magana."

Na kwanta ina jin haushin Iya. Wace irin tatsuniya ce mugu zai ci bulus? Washegari da hantsi sai ga tsohuwar nan da ƙwarya a ka, tana jido ƙasa daga ramin nesa tana zubawa a inda Baffa ya haƙa, a gaban duk wanda zai wuce gona. Kunya ta ishi Baffa. Kafin azahar ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya cike ramin da kansa, ta kuma tsaya a kansa sai da ya dasa gamba. Ya yi wata guda ba ya cin tuwonta.

Iya ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, Baffa ma ya bi ta. Ni ina koyarwa a Bebeji, Inna mahaifiyata kuwa na bar ta a ƙauye, a gidanmu da ke can gangare. Shekara uku ke nan ruwa ya sake tsallake jinga ya yi ɓarna. Wannan karon ba diga aka kawo ba. Yaya Habu, ɗan Baffa, wanda Allah ya hore wa tifa, shi ya kawo motar haƙa. Aka sare itatuwan aka yi rufi da su, aka yashe jingar tifa bayan tifa, ana kai wa masu gini.

Na hau babur na je na same shi a wurin. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Yaya, abin da ya tsare garin nan kake kwashewa. Inna tana ƙarƙashin wurin nan fa."

"Ke Binta, mutane suna kwana a azuzuwan makaranta da jarirai, kina yi mini zancen ciyawa? A fara samun rufi tukuna, in an natsu a mayar."

Gaskiya ne mutane suna kwana a makaranta, na gani da idona. Shi ya sa na ƙyale shi, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Ba wanda ya mayar da ko cikin ƙwarya. Ni ma da na iya surutu, na koma Bebeji na ci gaba da harkokina.

Bara ruwan bai ma kai na wancan karon ba. An wuni ana yi, da la'asar ya sami giɓin ya shigo garin kai tsaye. Gidan Yaya Habu na bulo yana kan tudu, ko dokin ƙofarsa bai jiƙe ba. Katangar ɗakin Inna kuwa ta faɗo mata a ƙugu tana ƙoƙarin kwance awakinta. Yau tana ɗakina a Bebeji, sai an ɗaga ta, sai an kwantar.

Sai yanzu na gane abin da ya hana Iya ta hukunta gafiya don ta faranta mana. Ta san in aka saba wa yaro da cewa mugunta tana komawa kan mai ita, zai girma ya naɗe hannu yana jira. Mai ɓarnar daban, mai kwasar wahalar daban, kuma in ba a tare shi tun digarsa tana hannu ba, shi ke nan.

Yaya Habu ya zo jaje da farar shadda, ya durƙusa gaban Inna yana ta "Allah ya ƙara sauƙi". Da zai fita ya ja ni gefe, da fara'arsa.

"Kada ki damu. Gobe zan tura tifa biyu na ƙasa a tayar wa Inna ɗakinta."

Na ce, "Daga ina za ka ɗebo?"

"Ai akwai sauran jingar ta wajen gabas."

Ban san lokacin da na buɗe masa ƙofar zaure ba. Na ce ya fita, kuma in tifarsa ta doshi wurin nan gobe, ni za ta fara takawa. Da asuba na bar wa maƙwabciyata Inna, na tafi ƙauye na zauna a kan abin da ya rage.